Karen da Ya Daina Haɗama, Ba Lallai Ne Ya Warke Ba

Idan likitan dabbobi ya tabbatar maka cewa tsohon karenka na fama da cutar Kushin, to ka riga ka san alamominta: yawan shan ruwa, yawan fitsari, ci ba ƙoshi, saukowar tumbi, zubewar gashi, da haki ko bai yi gudu ba. Duk aikin sinadarin kotisol ne da ya yi yawa a jini.

Abin da ba a cika bayyana wa mai kare ba shi ne tushen cutar. Cikin karnuka 100 masu ita, kimanin 80 zuwa 85 suna da ƙari a fituwitari, wata 'yar ƙwaya da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Ita ke tunzura ƙwayoyin adirinal da ke kusa da ƙoda su yi ta zuba kotisol. Galibi ƙarin ƙarami ne, amma a jikin wasu yakan girma har ya kai santimita 1 ko fiye, ya fara danne ƙwaƙwalwa.

A matsayina na mai harhaɗa magunguna a asibiti, ga abin da nake so ka riƙe: trilostane da mitotane suna aiki ne a kan adirinal, ba sa taɓa ƙarin. Sukan rage ƙishirwa da fitsari, amma an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Saboda haka ka sa ido a kan halinsa. Karen da ke tarbarka a ƙofa ya koma kwanciya shiru. Yana zagaye ba dalili. Yana tsayawa ya zuba wa bango ido, ko ya jingina kansa da shi. Yana ɓata a cikin gidan da ya sani. Mafi yaudara a cikinsu ita ce ƙin cin abinci, domin mai kare yakan ɗauka haɗamar ce ta tafi, sauƙi ya samu.

Ƙin ci na iya nufin maganin ya yi masa yawa, musamman in akwai amai, zawo da kasala. Yana kuma iya nufin ƙarin ya girma. Kada ka yi hasashe. Ka dakatar da maganin, ka kai shi wurin likita a ranar. Gwajin jini ke nuna na farko, hoton CT ko MRI ke nuna na biyu, kuma gashin radiyeshan ya fi amfani kafin alamomin su tsananta.

Kare ba ya faɗin inda ke masa ciwo. Ka riƙa rubuta abin da ya ci da yadda ya wuni, ka tafi da takardar duk ranar ganin likita.