Kafenmu na safe: wa ya noma shi?

Kowace safiya, daga Maraɗi har Damagaram, daga Tawa har Yamai, muna tsayawa wurin mai shayi mu ce a haɗa mana Nescafé da madara. Mun san sunan kamfani, mun san sunan mai tebur. To amma wa ya noma shi? Nan fa sai mu yi shiru.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne wata ɗabi'a ta masu suyar kafe mai daraja, irin wanda gwanayen ɗanɗano ke ba maki 80 ko fiye cikin 100. Su waɗannan masu suya, in ka duba ledar kayansu, za ka ga sunan ƙasa, sunan yanki, wani lokaci har sunan ƙungiyar manoman. Dalilinsu mai sauƙi ne. Suya aikin minti goma zuwa sha biyar ne, amma itacen kafe sai ya shekara 3 ko 4 kafin ya fara 'ya'ya. Da hannu ake tsinke jajayen ɗaya bayan ɗaya, a bar ɗanyu su nuna. Wajen kilo 5 zuwa 6 na 'ya'yan ne ke ba da kilo ɗaya na ƙwaya. In manomi ya yi sakaci wajen tsinka ko shanya, babu gwanintar wuta da za ta gyara. Mai suya na ƙwarai ya san daɗin daga gona ya fito.

Mu duba Habasha, inda kafen arabika ya samo asali. Yankunan Sidamo, Harar da Yirgacheffe sunayensu kaɗai na sa farashi ya hau a shagunan Turai da Amurka. Gwamnatin Habasha ta ce to, sunayen nan namu ne, ta nemi rajistarsu. Aka yi ta ja-in-ja da kamfanin Starbucks, har aka sasanta a 2007, kamfanin ya yarda cewa sunayen na Habasha ne. Darasin a fili yake: suna kuɗi ne.

Sai dai kar daɗin labari ya ɗauke mu. Hoton manomi yana murmushi a jikin leda ba ya biyan kuɗin lakwal ɗin yara. Mafi yawan kafen duniya ƙananan manoma ke noma shi, kuma farashinsa a kasuwannin New York da Landan ake yanke shi, inda manomi ba ya da baki. Kaso kaɗan na kuɗin kofi ke komawa gona. Saboda haka mai suyar da muke yaba ma shi ne wanda ke biya sama da farashin kasuwa, ya kuma dawo baɗi ya sake saye wurin mutanen nan. Wanda ya tsaya ga yabo kawai, talla yake yi da guminsu.

Wani zai ce mu ina ruwanmu, ba mu noman kafe a Nijar. Gaskiya ne. Amma muna da albasar Galmi, muna da tattasan Diffa, muna da ayar Maraɗi. Albasarmu na isa Abijan da Akra, ana neman ta da sunan Galmi, amma wanda ya yi ban ruwa tun asuba sau nawa yake ganin ribar sunan? Hukumar OAPI ta riga ta ba albasar Galmi da kilishin Nijar shaidar asali. Saura ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa su zauna, a ware mai kyau a biya shi daban, yadda masu kafe ke yi.

Ku faɗa mana, a garinku wane amfanin gona ne ya yi suna, kuma nawa ake ba manomi a bakin gona? Allah Ya sa wa noma albarka.