Raunin zagayen ruwan Tekun Atlantika

Zagayen ruwan Tekun Atlantika, wanda masana suka fi sani da taƙaitaccen sunan AMOC, wani tsari ne na kwararar ruwan teku da ke ɗauko ruwa mai ɗumi ta saman teku daga kudu zuwa arewacin Atlantika, sannan ya mayar da ruwa mai sanyi kudu ta can ƙarƙashi. A 'yan shekarun nan batun rauninsa ya zama abin muhawara tsakanin masana kimiyyar teku da na yanayi, har ya shiga zaurukan gwamnatoci. Kusan dukkan masanan sun yarda cewa zai yi rauni a cikin wannan ƙarni saboda ɗumamar yanayi. Inda suka rabu shi ne ko ya riga ya fara raunin, da kuma ko zai iya durƙushewa baki ɗaya. Babban tushen saɓanin shi ne ƙarancin shekarun awo: sai a shekarar 2004 aka fara auna shi kai tsaye ba tare da yankewa ba, alhali kuwa sauyinsa kan ɗauki gomman shekaru ko ɗaruruwa.

Yadda tsarin yake aiki

Ruwan teku yana ƙara nauyi idan ya yi sanyi ko kuma gishirinsa ya ƙaru. A yankunan zafi rana tana ƙafar da ruwan saman Atlantika, gishiri ya taru a cikin wanda ya saura. Idan wannan ruwa ya isa tekunan da ke kewaye da Girinlan da Ayislan da Norwe, sai ya saki zafinsa ga iska, ya yi sanyi, ya yi nauyi, ya nutse. Daga nan yake komawa kudu a zurfin da ya kama daga kimanin mita 1,500 zuwa 4,000, har zuwa tekun da ke kewaye da Antatika, inda iska mai ƙarfi take sake jawo wani ɓangarensa sama.

Ana auna yawan ruwan da ma'aunin Sverdrup, wato kubik mita miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa. A layin digiri 26.5 arewa da Ikwaita, matsakaicin ƙarfin tsarin ya kai kimanin Sverdrup 17, abin da ya ninka ruwan da dukkan kogunan duniya suke zubawa cikin teku fiye da sau goma. Zafin da yake tafiya da shi arewa yana cikin dalilan da suka sa arewa maso yammacin Turai ba ta da tsananin sanyi irin na wasu wuraren da ke kan layi ɗaya da ita.

Sau da yawa kafofin watsa labarai suna haɗa AMOC da kwararar ruwan nan da ake kira Gulf Stream. Abubuwa biyu ne daban, ko da yake suna haɗuwa a gaɓar Amurka. Iska da juyawar duniya ne suke tura mafi yawan ruwan Gulf Stream, don haka ba za ta tsaya ba ko da AMOC ya durƙushe.

Tarihin awo

A shekarar 1751 Henry Ellis, kyaftin ɗin wani jirgin ruwan Ingila na fataucin bayi, ya zura guga mai ɗauke da ma'aunin zafi can cikin Atlantika a yanki mai ɗumi, ya tarar da ruwan ƙasa yana da sanyi ƙwarai. Daga baya aka fahimci cewa ruwan daga yankunan ƙanƙara yake zuwa. Shekaru fiye da ɗari biyu bayan haka, jiragen bincike ne kawai hanyar awo, kuma sai jifa-jifa suke ratsa tekun.

A shekarar 2005 Harry Bryden da abokan aikinsa na birnin Southampton suka wallafa a mujallar Nature cewa tsarin ya ragu da kimanin kashi 30 cikin ɗari. Sun dogara ne ga awo biyar da jiragen ruwa suka yi a shekarun 1957, 1981, 1992, 1998 da 2004. Labarin ya tayar da hankali a Turai. Amma a daidai lokacin, shirin RAPID na haɗin gwiwar Birtaniya da Amurka ya riga ya kafa jerin na'urori da aka ɗaure a ƙasan teku, daga wajen tsibiran Bahamas zuwa gaɓar Afirka kusa da tsibiran Kanari, suna auna zafi da gishiri da gudun ruwa dare da rana. Sakamakon shekarar farko ya nuna cewa a cikin shekara guda kaɗai ƙarfin tsarin yana hawa da sauka tsakanin kimanin Sverdrup 4 da 35. Ke nan awo biyar a cikin shekaru 47 ba su isa a yanke hukunci da su ba.

Tsakanin 2009 da 2010 na'urorin RAPID sun ga faɗuwar kusan kashi 30 cikin ɗari, wadda aka danganta galibi da sauyin iska, daga baya kuma tsarin ya farfaɗo. A 2014 aka ƙara wani shirin mai suna OSNAP can arewa, daga Labrador ta Girinlan zuwa Sikotilan. Sakamakonsa na 2019 ya nuna cewa mafi yawan nutsewar ruwan tana faruwa ne gabas da Girinlan, saɓanin abin da samfuran kwamfuta da dama suka ɗauka na cewa Tekun Labrador ne kan gaba. Akwai kuma shirin Argo, mai na'urori kusan 4,000 da ke yawo a tekunan duniya, kowace tana nutsewa zuwa mita 2,000 ta taso duk bayan kwana goma ta aika bayanai ta tauraron ɗan adam.

Shaidun da ba na kai tsaye ba

Domin sanin halin da tsarin yake ciki kafin 2004, dole masana suka koma ga alamomi. Wadda aka fi ambata ita ce wani yanki na teku kudu da Girinlan da ya yi sanyi a cikin ƙarnin da ya wuce, yayin da sauran duniya take ɗumi. A 2018 Levke Caesar da Stefan Rahmstorf na cibiyar binciken yanayi ta Potsdam a Jamus, tare da abokan aikinsu, sun yi amfani da wannan alama suka ƙiyasta cewa tsarin ya ragu da kimanin kashi 15 cikin ɗari tun tsakiyar ƙarni na 20. A 2021 suka ƙara da cewa, bisa shaidun laka ta ƙasan teku da makamantansu, rabon da ya yi rauni haka an fi shekara dubu.

Wasu masanan ba su gamsu ba, domin iska da hayaƙin masana'antu ma suna iya sanyaya saman teku. A watan Janairun 2025 Jens Terhaar da abokan aikinsa a cibiyar Woods Hole ta Amurka sun yi amfani da wata alamar daban, wato yawan zafin da ke wucewa tsakanin teku da iska, ba su kuma ga wani raguwa ba tsakanin 1963 da 2017. Kafin nan, a 2024, an sake lissafin awon kwararar ruwan mashigin Fulorida, wanda ake yi tun 1982 ta hanyar wayar sadarwa da ke ƙasan teku. Da aka gyara kuskuren da sauyin maganaɗisun duniya ya haifar, sai aka ga kwararar ba ta ragu sosai ba a cikin shekaru arba'in.

Abin da samfuran kwamfuta suka nuna

Tun a 1961 Henry Stommel ya nuna da wani sauƙaƙƙen lissafi cewa irin wannan tsari yana iya zama a ɗayan yanayi biyu, mai ƙarfi ko kuma kusan tsayayye. Dalilin shi ne tsarin da kansa yake kai gishirin da yake buƙata arewa. Idan narkewar ƙanƙara da ƙarin ruwan sama suka tsarma ruwan arewa, nutsewa ta ragu, gishirin da ke isowa ya ragu, raunin ya ci gaba da ciyar da kansa har ya wuce gaɓar da ba a iya dawo da shi cikin sauƙi.

Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, IPCC, ya bayyana a rahotonsa na 2021 cewa akwai yiwuwa mai ƙarfi tsarin ya yi rauni a ƙarni na 21, amma matsakaicin tabbaci kawai ya bayar kan cewa ba zai durƙushe farat ɗaya kafin 2100 ba. A watan Yulin 2023 Peter Ditlevsen da Susanne Ditlevsen na Jami'ar Kofanhegan suka wallafa wani lissafi da ya sanya lokacin durƙushewar tsakanin 2025 da 2095. An soki aikin saboda ya dogara ne ga zafin saman teku a yanki guda da kuma tsofaffin bayanai masu giɓi. A watan Fabrairun 2024 René van Westen da abokan aikinsa na Jami'ar Utrecht a Holan sun nuna durƙushewar a cikin wani cikakken samfurin yanayi na zamani, sai dai sun yi ta ƙara ruwa maras gishiri na shekaru fiye da 1,700 na cikin samfurin kafin hakan ta faru. A Fabrairun 2025 kuma Jonathan Baker na hukumar hasashen yanayi ta Birtaniya da abokan aikinsa suka gwada samfura 34, suka ga tsarin yana rauni ƙwarai amma iskar tekun kudu tana hana shi tsayawa cak.

Su kansu samfuran suna da rauni. Da yawansu ba sa lissafa ƙarin ruwan da ke narkewa daga ƙanƙarar Girinlan, kuma akwai masanan da ke ganin sun fi ainihin tekun juriya. Wannan ya sa wasu ke cewa hasashensu ya rage girman haɗarin.

Abin da zai iya biyo baya

Idan tsarin ya durƙushe, ana sa ran arewa maso yammacin Turai zai fuskanci tsananin sanyi da ƙarancin ruwan sama, teku kuma ya ƙara tasowa a gaɓar gabashin Amurka. An ga ɗan misalin haka a 2009 zuwa 2010, lokacin da ruwan teku ya tashi da kusan santimita 13 a gaɓar da ke arewa da birnin New York.

Yankin Sahel na cikin wuraren da abin zai fi shafa. Daminar Afirka ta Yamma tana bin wani zirin gajimare ne da ke matsowa arewa tsakanin Yuni da Satumba, kuma zirin yana karkata wajen sashen duniyar da ya fi ɗumi. Idan arewacin Atlantika ya yi sanyi idan aka kwatanta da kudancinsa, sai zirin ya tsaya kudu. Rahoton IPCC na 2021 ya lissafa komawar zirin kudu da raunin daminar Afirka da Asiya cikin abubuwan da durƙushewar za ta haifar. Binciken Stefan Mulitza da abokan aikinsa na 2008, kan lakar ƙasan teku a gaɓar Senegal, ya nuna cewa a zamanin ƙanƙara manyan farin Sahel sun zo daidai da lokutan da tsarin ya yi rauni. Tun 1986 kuma aka danganta farin shekarun 1970 da 1980 da sanyin tekunan arewa idan aka kwatanta da na kudu, ko da yake har yanzu ana muhawara kan rabon da hayaƙin masana'antu da kwararar teku kowanne yake da shi a wannan sanyi. Ga manoman gero da dawa a arewacin Najeriya da kudancin Nijar da Chadi, waɗanda suka dogara ga damina guda a shekara, ko matsakaicin rauni na iya taɓa lokacin shuka da yawan amfanin gona.

Halin da ake ciki

A watan Oktoban 2024 masana 44 suka aika buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Majalisar Ministocin ƙasashen arewacin Turai, suna cewa an raina girman haɗarin. A Nuwamban 2025 gwamnatin Ayislan ta sanya batun cikin al'amuran tsaron ƙasa. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce, ko da yiwuwar durƙushewar ƙarama ce, ɓarnar tana da girman da bai kamata a jira cikakken tabbaci ba. Masu taka-tsantsan kuwa suna gargaɗin cewa sanya wa abin shekara takamaimai na iya zubar da amanar jama'a ga kimiyya idan shekarar ta wuce lafiya.

Ɓangarorin biyu sun dace kan cewa girman raunin ya danganta da yawan iskar kabon da za a ci gaba da fitarwa. Sun kuma dace kan muhimmancin ci gaba da shirye-shiryen RAPID da OSNAP da Argo, domin ana buƙatar ƙarin gomman shekaru na awo maras yankewa kafin a iya rarrabe hawa da saukar da tekun ya saba yi daga raguwar da ɗumamar yanayi ta jawo.