Fentin motocinmu yana ƙonewa a waje, yaranmu kuma suna wanki a arha



A Agege, Idi-Araba, Mile 12 ko Obalende, mutum nawa ne a cikinmu yake da garejin da zai shigar da mota ya rufe? Ɗakin kwana ma da ƙyar ake biyan hayarsa. Motocinmu a waje suke wuni, a waje suke kwana, wata a bakin titi, wata a ƙofar shago. Mutum zai sayi tokunbo daga Tin Can ko Kwatano tana ɗaukar ido, kafin shekara biyu rufinta da bonet sun yi fari-fari kamar mai ƙyasbi. Sai a ɗora wa ranar Legas laifi. Rana tana da nata kason, amma mu a ganinmu babban kaso yana cikin bokitin da ake wanke motar.

Fentin mota hawa uku ne. Akwai na ƙasa da yake kama ƙarfe, akwai mai launi, sai na sama wanda ba shi da launi, masu fenti suna ce masa kiliya. Wannan kiliyar ita ce ƙyallin da muke gani, ita ce kuma take tare wa launin zafin rana. Kaurinta bai kai na takardar littafin makaranta ba. Idan ta ƙare, ta ƙare, babu man da za a shafa ta dawo, sai dai a kai wa mai fenti ya sake feshi.

To, ku duba yadda muke yi mata. Bokiti ɗaya, a zuba Omo, a ɗauko tsohuwar singileti ko soson buhu. A wanke taya da shi, a tsoma cikin ruwan, a ɗora a kan bonet. Yashin da ya fito daga taya shi ake dirza wa fentin. Duk mai baƙar mota ya tsaya da rana tsaka ya kalli ƙofarta, zai ga ƙananan zane-zane kamar saƙar gizo-gizo. Wannan aikin yashi ne. Shi kuwa Omo don cire maiƙo daga tufafi aka yi shi, saboda haka duk wani man kariya da aka shafa wa mota yana tafiya da shi. Ga wanki a cikin rana, ruwan bohol ya bushe a jikin ƙarfe mai zafi ya bar ɗigo-ɗigon da ba ya fita. Idan hunturu ya shigo a Disamba da Janairu kuwa, direba yakan ɗauki busasshen tsumma ya kakkaɓe ƙura kowace safiya, yana ganin tsafta yake yi. Ƙurar nan yashi ce mai laushi, goge ta a bushe daidai yake da sa wa mota samfefa.

Masu ajiye mota a ƙarƙashin bishiya don gudun rana su ma ba su tsira ba. Kashin tsuntsu da na jemage suna da sinadarin da yake cin kiliya, idan suka wuni a kan bonet mai zafi sukan bar tabo ko an wanke. Waɗanda suke aiki a Apapa, Lekki da Victoria Island kuma suna da ƙarin iskar teku mai gishiri, wadda take kawo tsatsa a duk inda fenti ya ɗan ɓare.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana a shafin ƙungiya shi ne, masu wankin nan yawancinsu yaranmu ne. Tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 a watan Yunin 2022, ta ƙara wasu 4 a watan Satumba, matasa da dama da aka ƙwace wa babur ko suka ajiye shi sun koma wuraren wankin mota. Aiki ne na halal, amma ana biyansu kamar masu ɗebo ruwa, domin kowa yana ganin duk mai hannu biyu zai iya. Alhali a garin nan akwai masu sana'ar gyaran ƙyallin mota, waɗanda masu kuɗin Ikoyi da Lekki suke bar wa mota wuni guda, su biya abin da yaronmu ba ya samu a wankin motoci da yawa. Bambancin da ke tsakaninsu ilimin aikin ne da 'yan kayan aiki.

Farkon ilimin kuma ba shi da tsada. Bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye soso kafin a mayar da shi cikin kumfa. A fara watsa ruwa yashi ya sauka kafin hannu ya taɓa fenti, a wanke daga sama zuwa ƙasa, taya da nata soso daban. A yi a inuwa, ko da sassafe kafin ƙarfe ya yi zafi, a tsane da tawul mai laushi na maikurofaiba. Wanda ya riƙe wannan kaɗai ya riga ya fi rabin masu wanki a unguwarsa. Bayan nan sai ya koyi amfani da wani abu mai kama da yumɓu da ake murzawa a jikin mota mai jiƙe, yana tsince dattin da ya kafe. Ka shafa bonet bayan wanki, idan ka ji kaushi, shi ne aikinsa. Daga ƙarshe a shafa man waks, wanda a motar da take kwana a waje ba ya wuce wata biyu zuwa uku sai an sake.

Inda muke son a yi hattara shi ne injin folish. Yaro zai ga bidiyo a waya, ya ga mota ta koma kamar madubi, ya ari inji ya hau motar Alhaji. Folish kankare kiliya yake yi kaɗan-kaɗan har zanen ya baje, kuma mun faɗi kaurinta. Idan inji ya daɗe a wuri ɗaya, musamman a gefen ƙofa ko kan lanƙwasa, yakan ƙona ta har launi ya fito, daga nan sai rigima da biyan diyya. Mai son koyo ya je Ladipo ya sayi tsohon bonet da aka yar, ya ɓata shi sau goma kafin ya taɓa motar mutane. Haka nan masu tallan rufin seramik da suke cewa ƙarfe ma ba zai karce shi ba, a saurare su da kunne ɗaya. Yana daɗewa fiye da waks, yana sauƙaƙa wanki, amma makulli zai karce shi, kuma idan aka shafa shi a kan fentin da ba a gyara ba, zanen ne aka rufe a ciki.

Mun san akwai dattawanmu da za su ce mota ai ta kai ka inda za ka, mene ne na kwalliya? Mu dai mun san ranar sayarwa tana zuwa. Duk dillalin mota a Berger zai fara da zagaya ta yana duba fenti, kuma da ya ga an sake feshi sai ya ce ta taɓa yin haɗari, ya rage kuɗi, ko da rana ce kawai ta cinye ta. Wanda motarsa ita ce jarinsa, kamar masu Uber da Bolt, shi ya fi kowa sanin zafin wannan. Masu rufa tampol kuma su sani, rufa shi a kan mota mai ƙura ɓarna ce, iska tana kaɗa shi yana goga yashin a jikin fenti dare guda.

Akwai abin da ya rage a wuyan masu motoci. Ba zai yiwu mu nemi yaro ya sayi sabulun mota da tawul mai kyau, ya ɓata awa biyu, sannan mu tsaya muna cinikin kuɗin wankin Omo ba. Idan ya yi aikin, a biya shi kuɗin aikin. Muna da membobi masu wuraren wankin mota, muna da masu fenti da suka san kiliya fiye da mu. Muna roƙon su zo taron wata mai zuwa, kowa ya faɗi yara nawa zai iya ɗauka ya koya wa, mu kuma mu duba ko asusun ƙungiya zai iya sayen inji ɗaya da bonet biyu na gwaji.