Zaki A Gida, To A Waje Fa?



Da yawa daga cikinmu za su iya lissafo 'yan wasan Real Madrid ko Chelsea tun daga gola har mai lamba goma sha ɗaya. Amma a tambaye mu yadda ƙungiyoyin Najeriya ke ƙarewa a gasar cin kofin zakarun Afirka, sai mu yi tsit. Dalili shi ne, sau da yawa tun a wasannin share fage ake koro su gida. Mu a ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta muna ganin babbar matsalarsu ita ce ba su saba cin wasa a gidan wani ba.

Ga yadda gasar take. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wato CAF, ita ke shirya ta. Kafin a kai matakin rukuni, inda ƙungiyoyi 16 kacal ke shiga, sai an buga share fage. Kowace karawa wasa biyu ce, ɗaya a gida, ɗaya a waje, sannan a haɗa ƙwallayen. Wanda ya fi yawa shi ke wucewa.

Mu ɗauki Kano Pillars, Sai Masu Gida, wadda ta ci kofin Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014. A 2013 ta lallasa AC Leopards ta Kongo 4-1 a Kano. Da aka je can sai aka ba ta 3-0. Jimilla 4-4 ke nan, amma Leopards ta wuce saboda ƙwallo ɗayar nan da ta jefa a Kano, domin idan aka yi kunnen doki ƙwallon waje ake dubawa. A 2014 AS Vita ta ci ta 3-1 a Kinshasa, ita kuma ta rama 2-1 a gida. A 2015 Moghreb Tetouan ta Maroko ta zura mata 4-0, ta rama 2-1 a gida. A 2019 ta ci Asante Kotoko 3-2 a Kano, ta je Kumasi aka ci ta 2-0. Sau huɗu ke nan tana cin wasan gida, sau huɗu ana fitar da ita.

Yanzu a kwatanta da 2009. A shekarar Pillars ta haɗu da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin. An tashi 1-1 a Najeriya, kowa ya ce ta Pillars ta ƙare. Sai ta je har Alƙahira ta yi 2-2, ta fitar da Al Ahly. Daga nan ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta tare ta. Shekarar da ta iya tsayawa a gidan wani, ita ce shekarar da ta yi nisa.

Wani zai ce ai kuɗi ne, ƙungiyoyin Masar da Maroko sun fi namu arziki, kuma da ɗan wasanmu ya yi fice sai a saye shi. Wannan gaskiya ne. Amma Enyimba ta Aba ta ɗauki kofin nan a 2003, ta sake ɗauka a 2004, kuma a Najeriyar nan take. Ashe abin mai yiwuwa ne.

Mu 'yan kallo ma muna da namu laifin. A wurare da yawa mun ɗauka dole mai gida ya ci. Idan baƙi suka jefa ƙwallo sai a hau zagin alƙalin wasa, wani lokaci har da jifa. A Afrilun 2022 an farfasa motar Katsina United a Kano, aka cire wa Pillars maki uku, kuma a ƙarshen kakar dukansu biyu suka faɗa ƙaramar gasa. Wa ya ci riba? Ƙungiyar da ta saba ihun 'yan kallo ke tsorata mata alƙali, ranar da ta sauka Kumasi ko Kinshasa ba ta da mai yi mata wannan aikin.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna roƙon malaminmu na wasanni da shugaban makaranta, idan hali ya yi, a riƙa shirya mana wasa da makarantun da ke kusa, mu je su zo. Idan baƙi sun zo, ko daga Safana ko daga wata unguwa a nan Batsari, mu ba su ruwa, mu bar alƙali ya yi aikinsa, in sun ci mu mu miƙa masu hannu. Masu gidajen kallo kuma, don Allah ranar da ƙungiyar Najeriya ke share fage a ba ta ko talabijin ɗaya. Mu kuma za mu riƙa liƙa sakamakon a jikin wannan allo, na gida da na waje, kowa ya haɗa lissafin da kansa.

Allah ya ba mu sa'a, amin.