Ɗalibinmu a Italiya Ya Duba Hannun Masu Sana'a

Zancenmu na wannan mako a kan ɗaliban nan ne da jami'o'insu kan tura ƙasar Italiya na 'yan watanni, don su ga al'adun mutanen can, su kuma koyi tsara fasalin gini da na kayan amfani. Na lura da yawansu kan komo da hotuna rututu, ga su gindin hasumiyar Pisa mai karkata, ga su cikin kwalekwale a Benis, amma in ka tambaye su yadda aka yi abin da suka gani sai su yi tsit. Tafiyar da aka zuba mata kuɗi haka ai ta wuce yawon buɗe ido.

Mu ɗauki birnin Fulorans. Ƙubbar babbar majami'ar garin, wadda faɗinta ya kai wajen mita 45, Filippo Brunelleschi ne ya ɗora ta, daga 1420 zuwa 1436. Asalin sana'arsa ƙirar zinariya ce. Abin mamaki shi ne bai kafa katakon da zai tallafe ta daga ƙasa ba sa'ad da ake aikin. Sai ya jera tubalan ta yadda waɗansu na kwance, waɗansu na tsaye, kowane zagaye yana riƙe kansa kafin a ɗora na bisansa. Ƙubbar kuwa biyu ce, ɗaya cikin ɗaya, mai hawa kan bi ta tsakaninsu, matakala 463, yana ganin jerin tubalan da idonsa. Ɗalibin da ya taɓa tsayawa ƙarƙashin bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya riga ya san matsalar, watau yadda za a rufe fili mai faɗi rufin bai rushe ba. Wannan da laka da azara ya warware ta, wancan da tubali.

A Milan kuma akwai babbar makarantar fasaha da aka kafa a 1863, ga baje kolin kujeru da kayan ɗaki da aka fara a 1961, inda masassaƙa da masu zane ke haɗuwa. Babur ɗin Vespa ma, wanda malamai da akawuna suka yi yayinsa a ƙasar nan, injiniyan jirgin sama ne, Corradino D'Ascanio, ya zana shi, ya fito a 1946. Ya rufe injin don kada mai ya ɓata tufafin mahayi. Shi ya sa mai babbar riga ya ji daɗinsa.

Amma inda na fi so ɗalibinmu ya daɗe shi ne wajen dukawa. A Fulorans akwai makarantar dukanci da aka buɗe a 1950 don koya wa marayun yaƙi sana'a, a garin Santa Croce sull'Arno kuma majema ne birjik. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko domin ta can ayari ke kai musu ita, tana cikin waɗanda ake ji da su. Daga Kano fatu kan tafi Italiya, su komo mana takalma da jakunkuna da tsadar da mai akuyar ba zai iya saye ba. To, me ake yi wa fatar tsakanin tafiya da komowa? Ya zauna ya ga rini, da yanka, da yadda ake fitar da samfuri a takarda tun wuƙa ba ta taɓa fata ba.

Sai dai tsohon baduku ba lalle ya ji Ingilishi ba. Saboda haka kafin kome, ɗalibi ya nemi wata ɗaya ko biyu a jami'ar baƙi ta Peruja, inda ake koya wa 'yan ƙasashen waje Italiyanci, ya sami bakin yin tambaya.