Gwajin alawa da iyakar abin da alƙaluma ke iya faɗa

A ƙarshen shekarun 1960, Walter Mischel, masanin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya fara wani gwaji mai sauƙi. Ana ajiye wa yaro alawa guda, a ce masa idan ya daure bai ci ba har a dawo, za a ƙara masa ta biyu. Sai a lissafa mintocin da ya jure. Da aka bibiyi yaran bayan shekaru, rahoton 1990 ya nuna waɗanda suka fi daurewa sun fi samun maki a jarrabawar shiga jami'a. Duniya ta karɓe shi hannu bibbiyu, tamkar kimiyya ta tabbatar da cewa mahaƙurci mawadaci ne.

Ƙarfin bincike na ƙididdiga shi ne kowa na iya maimaita shi, ya gwada gaskiyarsa. Hakan kuwa aka yi. A 2018, Tyler Watts da abokan aikinsa suka duba bayanan yara sama da 900 daga gidaje mabambanta, saɓanin na farko da galibinsu 'ya'yan mutanen jami'ar ne. Da suka sanya halin gidan da yaro ya fito da ilimin mahaifiyarsa cikin lissafi, sai alaƙar ta ragu ƙwarai. Alƙaluma ne suka gyara kuskuren alƙaluma, kuma wannan abin yabo ne.

Sai dai agogo yana faɗin tsawon jiran yaro ne kawai, ba ya faɗin dalilinsa. A Jami'ar Rochester an fara saɓa wa wasu yara alkawari kafin gwajin, aka cika wa wasu. Na farkon mintoci uku suka jira a matsakaici, na biyun kuwa goma sha biyu. Yaron da ya saba ganin ana karya alkawari ya san ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Abin da aka ɗauka rashin haƙuri ne, ashe lissafi ne irin nasa.

Maƙwabciyarmu Kamaru ma ta ba da darasi. Bettina Lamm da tawagarta sun gwada 'ya'yan manoman Nso da fanke: kusan kashi 70 cikin 100 suka jira mintoci goma, yaran Jamus kuwa kashi 28. Gwaji ɗaya, tarbiyya daban.

Nan ne jami'o'inmu ya kamata su yi karatun ta natsu. Ɗalibi kan ɗauko takardar tambayoyi da aka tsara don Amurkawa, ya raba, ya zuba amsoshin a kwamfuta, ya fito da jadawali. Amma matar da kunya da tarbiyya suka koya wa amsa "lafiya lau" ko tana cikin ƙunci, me za ta zaɓa tsakanin ɗaya zuwa biyar? Idan aka gina manufar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a kan irin wannan amsa, masu buƙatar taimako za su ɓace a cikin jadawalin.

Ba na kira a jingine ƙididdiga, domin in babu ita sai kowa ya riƙa faɗin son ransa. Ina kira ne malamai su wajabta wa ɗalibi zama da mutane, ya saurare su da harshensu, ya gwada ko tambayoyinsa na nufin abin da yake zato, kafin ya fara ƙirga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.