Kafin Loma ta Farko: Ƙwaƙwalwar Matashi da Cin da Ya Ƙi Tsayuwa

Akwai matashin da zai ƙoshi sarai, amma ya ci gaba da ci cikin sauri, sau da yawa a ɓoye, har cikinsa ya yi ciwo, sannan kunya ta rufe shi. A gida sunansa acici, maganinsa kuma faɗa da gori. Wannan hukunci kuskure ne, kuma yana ƙara rura matsalar.

Tun 2013 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta amince da wannan hali a matsayin cuta mai zaman kanta, idan yana faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har tsawon wata uku. Babbar alamarsa ita ce mutum ya ji linzami ya kuɓuce masa, kuma siriri ma yana iya kamuwa.

Lamarin yana farawa tun kafin abinci ya shiga baki. A shekarun 1990 masanin ƙwaƙwalwa Wolfram Schultz ya nuna a jikin birai cewa ƙwayoyin da ke sakin sinadarin dofamin suna fara harbawa ne idan lemo ya taɓa harshe. Da biri ya saba, sai harbin ya koma kan alamar da ke sanar da zuwan lemon. Haka ƙanshin soye-soye ko tallan da ya faɗo a waya ke tayar da marmari ko da babu yunwa. Kent Berridge na Jami'ar Michigan ya ƙara da cewa marmarin abu da jin daɗinsa hanyoyinsu daban ne a ƙwaƙwalwa. Shi ya sa yaro zai rantse cewa ba ya ma jin daɗin abin da yake ci, kuma gaskiya ya faɗa.

Matashi ya fi kowa shiga wannan tarko. Sashen marmari yana bunƙasa da wuri, alhali sashen da ke bayan goshi, mai taka burki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. A jihar Oregon, Eric Stice da abokan aikinsa sun sa matasa cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suna nuna musu alamar cewa haɗin madara da cakulan na tafe. Waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta fi zabura sun fi ƙara ƙiba daga baya. Sai dai irin wannan sakamako matsakaicin rukuni ne. Hoton ƙwaƙwalwa ba ya tantance cutar a jikin yaro guda. Tattaunawa da likita ce ke yin haka.

Wani zai ce wannan bayani uzuri ne ga rashin tarbiyya, kuma hana abinci ne zai gyara yaron. Tarihi ya riga ya amsa. A gwajin yunwa na Minnesota, tsakanin 1944 da 1945, Ancel Keys ya rage wa maza 36 masu lafiya abinci na wata shida. Tunanin abinci ya mamaye su, kuma da aka sake su, da dama sun riƙa ci ba tsayawa. Yunwa tana ƙara wa alamar abinci ƙarfi, gori kuma yana tura yaro ɓoyewa.

Abin da ya dace a gida a bayyane yake: abinci a kan lokaci ba tare da tsallake karin kumallo ba, cin abinci tare, daina tsokana a kan jiki, da ganin likita idan abin ya ɗore. Hukuma ma tana da nata rabon. A 2016 ƙasar Chile ta wajabta baƙin tambarin gargaɗi a kan kayan ci masu yawan sukari, gishiri ko kitse, ta kuma hana tallata su ga yara 'yan ƙasa da shekara 14. Kamfanonin da ke tsara talla sun san yadda alama ke aiki a ƙwaƙwalwar yaro. Rashin adalci ne a bar su suna cin karensu babu babbaka, sannan a ɗora laifin duka a kan ɗan shekara 15.